Ranar da Dije Ta Ɗauki Ɗanta

Duk shekara idan sababbin ɗalibai suka shigo ajina, abu guda nake gani a fuskokinsu: hutawa suka zo yi. Sun fito daga ajin allura, sun sha haddar sunayen ƙasusuwa, sai su tarar da wata tsohuwa ta jingina hotunan Turawan da a jikin allo tana cewa a kalla. Na san sunan da kuka sa wa darasin, wai gidan kallon Malama Asabe. Sunan bai dame ni ba. Tsoro nake ji muku. Kowannenku wata rana zai shiga ɗakin mara lafiya shi kaɗai, ba likita a kusa, ya tambayi jiki a ce masa da sauƙi, domin mu nan ko mutum yana gargara da sauƙi muke cewa. Daga nan ran wani zai rataya a kan ko kun tsaya ga bakin mutanen gida ko kun duba ɗakin. Ni na taɓa tsayawa a wannan wuri a kan wani yaro ɗan shekara uku a ƙauyen Miri, sunansa Umaru, kuma labarinsa nake so ku ji. Amma bari in fara da inda na samo idon da na je da shi.

A zauren kawuna Ɗanlami na fara, a Ƙofar Wambai. Mai rubutun allon shago ne. Shi ke zana wa masu aski kawuna iri-iri, ya zana wa mai shayi kofi yana tururi, ni kuma ina wanke masa buroshi da kananzir har 'yan ajinmu na Islamiyya suka riƙa toshe hanci in na zauna. Wata rana ya yi wa wani mai gyaran rediyo allo, ya ɗora ɗan tsuntsu a kan eriya. Na ce me ya kawo tsuntsu nan? Ya ce, "Don a san rediyon na waƙa. Ke Asabe, mai zane ba ya sa abu a banza. Duk abin da kika gani hannu ne ya ajiye shi, kuma da dalili." Ban ɗauki maganar a bakin komai ba a lokacin. Da na gama kwalejin horon malamai sai na sami aiki a wata makarantar koyon aikin lafiya a wajen Yelwa, ina zana musu sauro, da ƙuda a kan tuwo, da uwa tana haɗa ruwan gishiri da sukari.

A can na tarar da wata Baturiya 'yar ƙasar Holan, malamar jinya, doguwa, kullum a kan keke, har gari ya sa mata Sista Mai Keke. Wata safiya ta shigo ɗakin zanena ta ajiye min fallen tsohuwar kalanda a kan tebur. Hoton wani zanen fenti ne na mutanen ƙasarsu, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ta ce me na gani. Na ce mace ce ba ta da lafiya, likita ya zo duba ta. Ta ce, "Wannan ko mai wucewa a kan babur ya gani. Zauna da shi, zan dawo." Ta hau kekenta ta bar ni da takarda har azahar.

Da farko haushi ya hana ni gani. Da na gaji da haushin sai abubuwa suka fara fitowa. Budurwa ce ta langaɓe a kujera, kanta a kan matashi, ido a lumshe kamar yanzu za ta cika. Likita ya riƙe wuyan hannunta, da ɗaya hannun kuma ya ɗaga kwalbar fitsarinta yana dubawa a hasken taga. To amma dattijuwar da ke bayan kujerar ta rufe baki da hannu, kuma ba rufin kuka ba ne. Wani saurayi yana leƙe daga bakin ƙofa yana murmushi. Kare na barcinsa hankali kwance. A ƙasa ga kaskon garwashi, da wani ɗan zare yana cin wuta a ciki.

Da Sista ta dawo na ce mata ban gane zaren ba, amma mutanen gidan nan ba sa jin tsoro. Ta yi dariya har da tafi. Ta ce a zamaninsu akan ƙona zaren rigar mace a kai mata hanci, wai in ya tayar mata da zuciya to ciki ne. Kayan likitan kuma ko a wancan lokacin sun tsufa, irin na 'yan wasan kwaikwayo ne, mai zanen tsokanarsa yake yi. Ciwon yarinyar dai irin wanda kan warke bayan wata tara ne, kuma kowa a ɗakin ya sani sai mai kwalbar.

Washegari ta kawo wani, shi kam ba abin dariya a cikinsa. Yaro ne a cinyar wata mata, idonsa biyu, a zaune ma yake. In ka yi kallon sauri sai ka ce ya fi budurwar jiya lafiya. Amma ƙafafunsa sun zubo kamar jiƙaƙƙen tsumma, kwanon abinci na gefe da cokali a ciki ba a taɓa ba, idon nasa ba ya kan kowa. Wata mace kuma ta tsaya a bakin ƙofa ta juya fuskarta waje. A nan na gane abin da Sista ke son in gane. Mara lafiya na iya yin raki, yana kuma iya yin dauriya, amma mutanen da ke kewaye da shi da kayan da ke ƙasa ba su iya ɓoye abin da ke gidan ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Fallayen kalandar nan ne, na liƙa su a kwali na rufe da leda saboda gara da maiƙon hannun ɗalibai. Sai karan dawa na nuni, da gilashin ƙara girma mai tsagaggen gefe. Wanda ya fi su duka amfani wani baƙin kwali ne da na huda wa 'yar taga, in na ɗora shi a kan hoto sai ya rufe komai ban da wuri guda. Da haske nake farawa: ta ina ya shigo, a kan wa ya faɗa, wa aka bari a duhu. Sai hannuwa, wa ya riƙe wa, kuma wane irin riƙo. Sai ƙasa, domin abin da ke ƙasa ba a gyara shi don baƙo. Fuska ce ta ƙarshe, ita ta iya karɓar baƙi tun tana ƙarama. Ku kuwa fuskar kuke fara faɗa wa, shi ya sa kuke gamawa kafin in ajiye karan.

Akwai wani aiki da ba na mantawa, lokacin da aka kawo ungozomomi daga ƙauyuka don horo aka ce in nuna musu hotunan. Kare a ɗakin mara lafiya kaɗai ya cinye mana rabin safiya, sai salati suke yi. Da muka zo kan hoton yaron sai na nuna matar da ke riƙe da shi na ce ga uwar. Wata tsohuwa Bafillatana daga rugagen bayan gari, Goggo muke ce mata, ta girgiza kai.

"A'a, Malama. Wannan goggonsa ce ko innarsa. Ga uwar can a bakin ƙofa ta kau da kai. Ɗan fari ne, ba ki ga babu wani yaro a ɗakin ba?"

Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Sista tana zaune a baya ta ce, "A ƙasarmu waccan 'yar aiki ce. Uwa ita ke riƙe ɗanta, na fari ko na ƙarshe."

"A gaban mutane?" in ji Goggo.

"A gaban kowa."

"Ba kunya?"

"Ba kunya."

Goggo ta dubi hoton ta sake duban Sista, ta ce, "To, Allah Ya kyauta."

Ba wadda ta sauka daga kan maganarta, kuma kowacce da gaskiyarta. Ku 'yan cikin gari na yanzu kuna ganin iyaye mata suna ɗora hoton ɗan fari a waya suna kiransa da sunaye masu daɗi, sai ku ɗauka kunyar ɗan fari ta mutu. Ba ta mutu ba. Akwai gidajen da har yau uwa ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban surukai, ba ta kiran sunansa, in ya faɗi a gabanta sai dai ta kira wani ya ɗaga shi. Ba ƙi ba ne, tarbiyya ce, kuma takan yi wa uwar ciwo fiye da yadda take nunawa. Daga baya Sista ta ce min hotunan na mutanenta ne, amma ɗakunan da ɗalibai za su shiga namu ne, don haka in riƙa koyar da karatun duka biyu. Da ta tashi komawa gida ta bar min kalandun.

Shekarar da sanƙarau ya shigo gari da bazara ita ce mafi muni a aikina. Zafi ya kai inda ya kai, ba wuta, mutane na kwana a cunkushe. Kullum sai ka ji an kai wani mutum asibiti daga wata unguwa, wuya ya sanƙare. Aka kwashe rabin ɗalibai zuwa aikin rigakafi, shugaban makaranta ya ce a dakatar da darasina tukuna, ba lokacin kallon hoto ba ne. Ban yi musu ba, ni ma a lokacin gani nake da gaskiyarsa. Na koma ɗakin zane ina zana mutum mai riƙe da ƙeya ana mannawa a kasuwanni. Dama ni mai fargaba ce tun asali. A shekarar nan ba na sauka daga gado da safe sai na sunkuyar da haɓata ta taɓa ƙirji, in ta taɓa in ce alhamdu lillahi, sannan in bi jikokina ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwasa musu wuya suna kuka.

Ana cikin haka wata rana da hantsi wata ɗaliba mai suna Hadiza ta shigo min da waya a hannu. 'Yar Miri ce, Fulanin da suka zauna suka haɗa noma da kiwo, tana haya a Yelwa, kuma makon jarrabawarsu ne. Tana ƙoƙarin dariya ta ce, "Malama, ga irin hotonki na Holan an ɗauka a gidanmu."

Ƙanwarta ce ta turo mata. Umaru ne, ɗan yayanta Hamma Sale, yake zazzaɓi. An sayo magani a kemis, an ce mata da sauƙi, ta zauna ta yi karatunta kada ta zo. Hoton ma don a kwantar mata da hankali aka ɗauka.

Na ce, "To in da sauƙi me ya kawo ki wurina?"

Ta ce, "Ban sani ba, Malama. Na dai kasa karatun."

Kwalina ya yi wa waya girma, sai na yi tagar da yatsuna. Hasken na fara dubawa, kuma kusan babu shi. Da rana aka ɗauki hoton amma ɗakin duhu ne, an toshe taga da zanen atamfa, rana na tsiyayowa ta gefe-gefe. A wannan zafin ba mai toshe taga sai in haske na yi wa wani ciwo. A ƙasa ga ledar magani, ga ƙoƙon rubutu, ga kwanon kunu ya huce har ya yi ɓawo. Sai hannuwa. Wata matashiya na zaune a tabarma da yaro a cinyarta, ta tallafe masa ƙeya da tafin hannu, kansa ya koma baya maimakon ya kwanta a ƙirjinta. Wata dattijuwa na bakin gado, hannuwanta a kan gwiwa ba komai a cikinsu.

Na ce, "Wace ce wannan ta riƙe shi?"

"Adda Dije ce, matar Hamma Sale, uwarsa."

"Ta bakin gadon fa?"

"Dada ce, mahaifiyarmu."

"Yana da wa ko ya?"

"Shi ne na fari. Sunan Baffa ma aka sa masa, mahaifinmu."

"Hadiza, kin taɓa ganin Dije ta ɗauke shi a gaban Dada?"

Ta sake duban wayar. Ta ce, "Ko lokacin da yake jariri a bayan ɗaki take ba shi nono. A wurin Dada yake kwana."

Ku sani ni ba likita ba ce, ban taɓa yi wa kowa allura ba, ba ni da ikon kiran sunan ciwo daga hoto. Tagar na iya zama don rana aka toshe ta. Yaro na iya banƙarewa don rigima. Kunu kuwa wane yaro ne bai taɓa ƙi ba? Kowane abu a hoton nan yana da wata fassara mai sauƙi, ban da hannun Dije. Matar da ta shekara uku tana kau da kai daga ɗanta ba za ta zauna da shi a cinya a gaban uwar mijinta ba, har ta bari a ɗauke ta hoto, sai in ta ga abin da ya fi ƙarfin kunya.

Hadiza ta kira gida. Ƙanwar ta ce Dada ta ce ba sai an zo ba. Wayar Hamma Sale ba ta shiga, ya kai shanu kasuwa wani gari. Na ce mata tashi mu tafi. Ta tsaya tana murza gefen hijabi.

"Malama, in muka je ba komai Baffa zai ce na raina su ne don ina karatun asibiti."

Na ce, "In ba komai gaisuwa muka zo. Ni zan sha kunyar, na saba."

Na ɗauki shatar tasi daga Yelwa na ce wa direba zai jira mu. Ban taɓa ganin hanyar Miri ta yi nisa irin na ranar ba. Ina ta roƙon Allah Ya sa in zama tsohuwa mai shisshigi a yi min dariya, ina kuma jin haushin kowane keke da ya tsaya a gabanmu yana sauke fasinja.

Mun tarar da Baffa a zaure a kan buzu da carbinsa. Gaisuwa ba a tsallake ta, musamman baƙuwa da ta zo gidan mutane ba a gayyace ta ba. Na durƙusa muka yi ta yi: gida, iyali, zafi, dabbobi, gajiyar hanya. Bakina na amsawa, kunnena na cikin gida. Da na ce yaya mai jiki, ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ɗakin yana nan yadda yake a hoto, sai dai yanzu da sauti. Da Hadiza ta ɗaga labule haske ya shiga, yaron ya yi wani siririn kuka da ban so jinsa ba. Dije ba ta tashi gaishe mu ba, kanta a sunkuye. Dada ce ta yi mana maraba, ta ce an yi masa rubutu, an ba shi na kemis, zafin nan ne kawai, in ubansa ya dawo gobe sai a ga abin da za a yi. Hadiza ta durƙusa ta sa hannu a ƙeyarsa ta gwada sunkuyo da kan a hankali. Ya ƙi zuwa, yaron ya sandare gaba ɗaya. Ta ɗago ta dube ni, idonta ya cika.

"Dada, asibiti za a kai shi yanzu."

"Ke Hadiza, ni na raine ku duka. Ke ma kin yi zazzaɓin da ya fi wannan kina ƙarama. Kuma ba a fita da yaro ubansa ba ya nan."

Na san in aka shiga musun magani mun faɗi, domin 'ya ba ta kayar da uwarta a ɗakin uwar. Na je na zauna kusa da Dada a bakin gado, daga inda take kallo.

Na ce, "Dada, ni ban san magani ba, zane nake yi. Abu ɗaya zan tambaye ki. Tun da aka haifi yaron nan, yaushe kika taɓa ganinsa a cinyar uwarsa?"

Ta buɗe baki za ta amsa sai ta tsaya. Ta dubi tabarmar kamar yanzu ta shigo ɗakin. Sai ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Jiya da la'asar ta karɓe shi daga hannuna. Ba ta ce komai ba, hannu kawai ta miƙo. Ni kuma na ba ta. Yarinyar da ko inuwarsa ba ta kallo in ina wuri."

Sai ta juya ga surukarta ta ce, "Dije, me kika gani?"

Dije ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ba irin na kullum ba ne, Dada."

Dada ta miƙe ta ja mayafinta ta nufi zaure. Mun ji muryarta da Fillanci, maganar ba ta yi tsawo ba. Baffa ya zo bakin ƙofa ya ce, "A tafi. In Sale ya dawo ni zan gaya masa."

Hadiza ta shiga gaban tasin, mu uku a baya, Dije a tsakiya da yaron, ta rufe masa fuska da gefen mayafi saboda rana. Ba mu yi nisa ba ya fara jijjiga. Hadiza ta juyo tana cewa a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa komai a baki. Da jijjigar ta lafa sai ya saki jiki gaba ɗaya, hannunsa ya zubo a kan gwiwata. Na zaci shi ke nan. Sai Dije ta kai bakinta kunnensa ta ce, "Umaru. Umaru, ni ce. Kada ka yi min haka." Sunan ɗanta na fari, kuma sunan surukinta, a gaban matarsa. Dada ta juya fuska ga taga tana kallon gonaki. Direba ya kashe rediyo ya ƙara wuta.

A asibiti suka karɓe shi da gudu, aka ɗebi ruwan bayansa aka ce sanƙarau ne. Likitan ya ce da an jira dawowar uban da wani zancen ake yi. Sai jira ya biyo baya, kuma jiran ya fi hanyar wuya. Hadiza ta rubuta jarrabawarta da jajayen idanu. Ni kuma kullum da la'asar sai na je, in na kusa ƙofar ɗakin sai in riƙa tsoron in tarar da gado an kaɗe shimfiɗa. Duk zuwan da na yi Dije na nan a kan gadon da shi a jikinta, ko mijinta da ya dawo ya shigo ba ta sauke shi.

Wata la'asar na shiga na ga an buɗe taga. Dada ce a kan gado da Umaru a cinyarta tana ba shi kunu da cokali, yana karɓa. Dije na can ƙarshen baranda ta ba su baya tana wanke kofuna, kamar ba ta san da wani yaro a ɗakin ba. Ban tambayi kowa jiki ba. Na zauna a kan benci ina hamdala, na ji daɗin da ban ji irinsa ba a duk shekarar.

Ina zaune a nan wani bokitin ƙarfe ya suɓuce wa mai shara a bayan gadon. Duk ɗakin aka zabura, wani jariri ya tsala kuka, Dada kanta sai da kunu ya zube mata a zane. Umaru bai juya ba. Cokalin yake kallo, ya buɗe baki yana jiran na gaba. Ni da Dada muka dubi juna. Daga baya likita ya tabbatar, ciwon ya tafi da jinsa, kunne biyun duka. Ya ce yakan faru, kuma ba wanda zai iya cewa a wace sa'a ya tafi.

Bayan an sallame su na je Miri dubiya. Umaru na tsakar gida a kan tabarma kusa da kakarsa yana wasa da murfin kwano, ya rame amma idonsa ya dawo. Da na tashi tafiya Dije ta ɗauki jakata ta ce za ta taka min. Sai da muka wuce rumbuna, inda ba mai jinmu, ta tsaya.

"Malama, a cikin motar nan, ya ji ni?"

Na so in ce mata ya ji. Amma shekara da shekaru ina hana mutane faɗin abin da ba su gani ba. Na ce, "Ban sani ba, Dije. Likita ma bai sani ba. Ni dai na ji."



"Sau ɗayan nan ne," in ji ta. "Da na sani da na riƙa kiransa ko a bayan ɗaki."

Ta miƙo min jakata ta gyara mayafi. Ƙanwar Hadiza ta zo wucewa da bokitin ruwa a ka, sai Dije ta tsayar da ita ba tare da ta waiwaya tsakar gidan ba.

"Ki gaya wa Dada rana ta kai kan yaron nan, a matsar da shi inuwa."